GYARAN TSOHON GIDAN GONA DA RUMBUNSA

1. Gidan da aka bari

A ƙauyukan ƙasar Hausa ba wuya ka ga gidan da aka tashi aka bari. Mai gida ya rasu, 'ya'ya sun tafi birni neman kuɗi, waɗansu sun tafi cin rani ba su komo ba. Shekara biyu, shekara uku, sai ciyawa ta tsiro bisa soro, katanga ta zube, rumbu ya karkace, awaki su mai da zaure wurin kwanansu. Irin wannan gida shi a ke kira kango.

Ran nan sai ɗaya daga cikin magada ya komo, yana so ya zauna kusa da gonar ubansa. Ya tsaya ya dubi gidan, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan kam sai rushewa." To, wannan karatu dominsa aka rubuta shi. Sau da yawa gidan da a ke tsammani ya mutu yana da sauran rai. Kayan gyaransa kuwa mafi yawansu suna nan kwance a gindin bango, ba sai an saya ba.

Kada ka rena ginin ƙasa. Masallacin Juma'a na birnin Zariya ginin ƙasa ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakan gizonsa sun daɗe ƙwarai a tsaye, har daga baya aka kewaye su da sabon gini na siminti. Hasumiyar masallacin Agadas, a ƙasar Nijar, ita ma ƙasa ce. An sake gina ta a 1844, tsawonta mita 27, watau kusan ƙafa 90, ga ta nan har yau. Gidan Makama na Kano kuma, inda a ke ajiye kayan tarihi yanzu, asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya hau sarauta a 1463. Abin da ya sa waɗannan suka daɗe, kulawa ce. Ana duba su, ana yi musu yaɓe, ba a barin ruwa ya kwana kansu.

2. Abokan gaban ginin ƙasa

Manyan abokan gaban ginin ƙasa uku ne. Wanda ya san su ya san rabin gyara.

Na fari, ruwan da ya ke zuwa daga bisa. In indararo ya toshe, ruwa ya kan taru a kan soro, ya jiƙa ƙasa, ƙasa ta yi nauyi, azara ta ruɓe, rufi ya faɗo. Hadarin ƙasarmu daga gabas ya kan taso, saboda haka bangon gabas ya fi sauran shan dūkan ruwa. In ka duba tsohon gida za ka tarar nan yaɓe ya fara zubewa.

Na biyu, ruwan da ya ke kwanciya a gindin bango. Ƙasa ta kan sha shi kamar yadda tsumma ke shan ruwa, laima ta hau bango, gindi ya zaizaye. Bango mai kyau daga sama, in gindinsa ya ci, kamar raƙumi ne mai karyayyar ƙafa.

Na uku, gara. Ita ba ta son haske, tana son laima da itace da ciyawa. Ta cikin bango ta ke bi, har ta kai ga rufi, mai gida bai sani ba.

Ban da waɗannan akwai gafiya mai tonon rami ƙarƙashin bango, da saiwar itace, irin su ceɗiya da durumi, waɗanda tsuntsaye ke kawo 'ya'yansu su yar bisa gini. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan ruwa ne ke buɗe ƙofa, sauran ɓarna ta biyo baya.

3. Kafin ka taɓa kome

In gidan na gado ne, fara da shirya magana tsakaninka da sauran magada, maza da mata, a gaban dattawa da mai unguwa. A san na wane ne, a rubuta a takarda, shaidu su sa hannu. Kai da ka koyi karatu, ga ranar amfaninsa. Ba daɗi mutum ya gama wahala, sa'an nan ɗan'uwansa ya zo ya ce gidan nasa ne.

Sai kuma lokaci. Ginin ƙasa aikin rani ne. Ka fara bayan an gama kaka, sa'ad da hunturu ke busawa, domin ka gama tun ruwan fari bai sauka ba. Wanda ya bari har ya ga hadari ya makara, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka sare ciyawa da sarƙaƙiya duka, ciki da waje. Yi hankali, kango gidan maciji ne da kunama. Kada ka sa hannu cikin rami, kada ka shiga ɗaki mai duhu ba fitila, ba sanda. In ka ga rufi ya yi ciki, watau ya sunkuyo daga tsakiya, kada kowa ya kwana ƙarƙashinsa, kada kuma kowa ya hau kansa, sai an tokare shi da gwafanni masu ƙarfi.

4. Yadda a ke duba gida

Ka kira magini wanda ya san aikin tubali, ku kewaya tare. Ga abin da za ku yi.

Ku ƙwanƙwasa bango da sanda. In ya yi ƙara kamar ganga, yaɓe ya rabu da bango, ko kuwa gara ta cinye ciki.

Ku ɗaura dutse a bakin igiya, ku sako shi daga kan bango. Bangon tubali gindinsa ya fi kansa kauri, saboda haka igiyar za ta kwanta jikinsa. In kuwa dutsen ya yi lilo nesa da gindin, bangon ya karkata waje. Irin wannan ba ya gyaruwa da yaɓe, sai a sauke shi a sake ginawa.

Ku dubi tsaguwa. Ƙanana, waɗanda ba su wuce yaɓe ba, ba kome. Amma wadda ta ratsa bango har ana hangen haske ta ciki, ita ce abar tsoro. Ku cike ta da ɗanyar ƙasa, ku bar ta wata guda. In ta sake buɗewa, bangon yana motsi ke nan, cutar kuwa tana gindi.

Ku soki kowace azara da wuƙa, musamman wajen bakinta, inda ta shiga bango. In wuƙa ta nutse, azarar ta mutu. In ta ƙi shiga, a ajiye ta, da tsohuwar zuma a ke magani.

Bayan wannan ka zauna ka rubuta: bango kaza za a sauke, azara kaza za a sake, ɗaki kaza yaɓe kaɗai ya ke so. Da haka za ka san iyakar kuɗin da za ka kashe, ba za ka fara abin da ya fi ƙarfinka ba.

5. Kwaɓin ƙasa

Ƙasar tsohon bango da ta zube tana da kyau ƙwarai, an riga an zaɓe ta, an cuɗe ta tun da. A farfasa ta, a jiƙa, a sake aiki da ita. Sai dai wadda ta fito daga gindin bango, mai farin gishiri bisanta kamar kanwa, a zubar da ita nesa, don gishirin nan shi ke jawo laima.

In ana bukatar ƙari, a haƙo jar ƙasa. Kada a ɗebi baƙar ƙasar gona ta sama, kada kuma a yi haƙa kusa da gida. Ramin da aka haƙa kusa ya kan zama kududdufi da damina, ya jiƙa gindin gini, ya tara sauro, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓi.

Ka gwada ƙasar tukuna. Yi tubali uku ko huɗu, ka shanya. In sun tsattsage, laka ta yi yawa, ƙara yashi. In sun marmashe a hannu, yashi ya yi yawa, ƙara laka.

A zuba ruwa, a zuba ramno, watau yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa har su haɗu sosai. A bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku, a sake jiƙawa, a sake tattakewa. Ƙasar da ta ruɓa haka ta fi kama jiki. Tubali kuma a bar shi ya bushe sarai, kamar mako biyu. Wanda ya yi gini da ɗanyen tubali zai ga tsaguwa kafin shekara ta kewayo.

6. Gindin bango

In gindin bango ya zaizaye, kada ka kankare shi duka gaba ɗaya, sai bangon ya faɗo maka. Ka ɗauki wajen ƙafa 2, ka kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har ka kai mai ƙarfi, ka yayyafa ruwa don sabuwa ta kama tsohuwa, ka cike da tubali da kwaɓi. Sa'an nan ka tsallake ƙafa 4 ka yi wani wurin. In waɗannan sun bushe, ka komo ka cike tsakani.

Haka kuma tsaguwa. A buɗe bakinta, a share ƙura, a jiƙa, a cusa kwaɓi kaɗan kaɗan. In an labta ƙasa mai kauri lokaci guda, sai ta bushe daga waje, ciki yana ɗanye, ta ɓamɓare.

In an gama, a tara ƙasa a gindin bango, a daɓe ta, ta yi gangare zuwa waje, ko a gina dakali. A buɗe rariya, a gyara magudana har bayan gida, don ruwan tsakar gida ya sami hanyar fita. In akwai suri kusa, a tone shi har a sami uwar gara a kashe. A kwashe tarin kara da itace daga jikin bango.

7. Rufi

Rufin soro haka ya ke: azara a ƙasa, zana ko kara bisanta, ƙasa bisa zana, yaɓe bisa ƙasa. Azara daga giginya a ke fasa ta. Magina sun zaɓe ta don tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi. Azara guda ba ta kan tsallake faɗin da ya wuce wajen ƙafa 6 ba. In ɗaki ya fi haka, sai magini ya yi dabara, ya fito da waɗansu daga jikin bango su tallafe ta, ko ya kafa ginshiƙi, ko ya ɗaura bakan gizo. Kada ka sa azara aikin da ya fi ƙarfinta don gudun kashe kuɗi.

Giginya ta yi ƙaranci a wurare da yawa, kuma ta kan daɗe ba ta girma ba. Saboda haka kada ka ƙone tsohuwar azara mai kyau. In ka sare giginya, ka shuka wata, kada a cinye muruci duka.

Inda rufi ya ruɓe, a kwashe ƙasar, a sake azara da zana, a mai da ƙasa hawa hawa, kowane hawa ya bushe kafin a ɗora wani. A yi wa rufin gangare zuwa bakin indararo. Indararo ya zama mai tsawo, ya watsa ruwa nesa da bango, a sa duwatsu inda ruwan ke sauka.

Sai yaɓen da zai hana ruwa shiga. Akwai makuba, wadda a ke yi da ɓawon ɗorawa. A daka shi, a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwansa. Akwai kuma laso, wanda a ke haɗawa da katsi na marina, da gashin jima na majema, da ruwan dafara. Laso ya fi makuba daɗewa, amma ya fi ta wuyar samu. Kowanne ka samu, ka kula da kan soro, da rawani, da zankwaye, da bangon gabas, gama su ne ruwa ke fara dūka.

In ɗakin na jinka ne, a sauke tsohon shuci, a duba tsaiko, a yanta sabuwar ciyawa, a baibaye daga ƙasa zuwa sama. Jinka ta yi tsini don ruwa ya gangare maza, bakinta kuma ya zarce bango.

8. Maganar siminti da kwano

Mutane da yawa su kan ce, "Bari in shafe bangon da siminti in huta." Ka yi tunani tukuna. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. In an rufe shi da siminti, laima ba ta samun mafita, sai ta ruɓar da ƙasar daga ciki. Siminti kuma ba ya kama ƙasa sosai. Ya kan tsage, ruwa ya shiga bayansa, gara ta sami wurin ɓuya. Daga waje ka ga bango sumul, ran nan sai ya ɓallo falle guda. Ƙasa da ƙasa a ke gyara ta. Siminti ya fi amfani a harsashin sabon bango, tare da dutse, da bakin rijiya.

Kwano yana da amfaninsa, ba ya son yaɓe kowace shekara. Amma ɗakin kwano ya fi soro zafi da bazara, ya fi shi sanyi da hunturu. In za ka sa shi, ka ɗaure shi da kyau saboda iska, ka bar bakinsa ya zarce bango sosai.

9. Rumbu

Ɗaki in ya yi yoyo, tabarma ce ta jiƙe. Rumbu in ya yi yoyo, abincin shekara ya tafi. Saboda haka rumbun da za a zuba wa hatsin kaka, tun rani a ke gyara shi.

Fara da duwatsun da ya ke zaune kansu. In ɗaya ya nutse, rumbun zai karkace, gindinsa ya tsage. Ƙarƙashinsa ya zama a share, da sarari yadda iska za ta wuce, kyanwa da kaji su shiga su yi maganin ɓera da gara.

A kwashe tsohon hatsi duka, a share ciki, a ƙone sharar. Ƙwarin hatsi su kan ɓuya cikin tsaguwa suna jiran sabon dami. In rumbun na ƙasa ne, a sauke jinkarsa, a kunna 'yar wutar kara ciki ranar da ba iska, don zafi da hayaƙi su kashe su. In na zana ne, kada a kai wuta kusa, sai a sake zanar. Bayan wannan a toshe kowace tsaguwa, a yaɓe ciki da waje, waje ya yi santsi don ɓera ya kasa hawa. Kada a jingina itace ko tsani a jikinsa, kada reshe ya sauko kansa. A sa masa sabuwar jinka mai faɗi.

In kaka ta yi, kada a zuba hatsi sai ya bushe. Ciji ƙwaya guda, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko kuwa ka sa hatsi kaɗan cikin busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ka rufe, ka girgiza. In gishiri ya manne jikin kwalbar, da sauran laima. Masara da gyaɗa in an ajiye su da laima su kan yi funfuna, funfunar nan kuwa tana da dafi mai cin hanta. Kada kuma a haɗa sabon hatsi da tsoho.

Mutane su kan shimfiɗa ganyen dogon yaro tsakanin dammuna, su kan cuɗa wake da toka ko yashi. Tun 2007 kuma aka fara yaɗa buhu mai riɓi uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago. In an ɗaure bakinsa da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Kada ka zuba maganin feshin gona cikin hatsin ci. Ƙwayar nan mai fitar da iskar guba kuma, kada a sa ta cikin ɗakin da mutane ke kwana, ko mai manne da shi, gama tana kisa.

Barga da turken dabbobi su yi nesa da rumbu da bangon ɗaki. Fitsarinsu yana cin gindin gini, su kuma su kan goga jikinsu su zubar da yaɓe.

10. Bayan gyara

Gyara ba ya ƙarewa ranar da magini ya tafi. Kowace shekara, kafin ruwan fari, ka hau soro ka tuge ciyawa, ka toshe tsaguwa, ka buɗe indararo da rariya. In an yi ruwa mai ƙarfi, da safe ka kewaya gida ka ga inda ya kwanta. Aikin yini guda da bazara ya kan tsare mutum daga aikin wata guda da rani, ya tsare iyalinsa daga faɗuwar gini cikin watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi yawa. Rigakafi ya fi magani.

Ka ja ɗanka ku yi aikin tare, ya ga yadda a ke kwaɓi, ya san makuba da laso. Ubanka ya bar maka gida, kai kuma ka bar wa naka gida da sanin gyaransa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, amin.

TAMBAYOYI

1. Faɗi manyan abokan gaban ginin ƙasa guda uku.
2. Don me bangon gabas ya fi sauran lalacewa?
3. Me ya kamata magaji ya yi kafin ya fara gyaran gidan gado?
4. Ƙaƙa za ka san bango yana motsi?
5. Don me ba a kankare gindin bango duka gaba ɗaya?
6. Da me a ke yin makuba, da me a ke yin laso?
7. Mene ne aibin siminti bisa bangon ƙasa?
8. Ƙaƙa za ka gane hatsi ya bushe?
9. Kewaya gidanku yau, ka rubuta abubuwa biyar da ke son gyara kafin damina.